Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi Mai Zurfi da Bincike: a ɗaura igiya tsakaninmu da ƴaƴanmu masana kimiyyar kwantum

Daga Tawa, zuwa Yamai.

Mai girma Minista, tare da shugabannin jami'o'inmu na gwamnati,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ni malamin fizik ne a wata lise a nan Tawa. Na haura shekara ashirin da biyar alli na hannuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da idona ya gani a hutun daminar da ta wuce, wanda har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani tsohon ɗalibina ne ya zo gaishe ni bayan la'asar. Yaron nan na san shi tun yana zuwa aji da takalmin roba, littafinsa ɗaya tak wanda yake rubuta lissafi ta gaba, fizik ta baya. Ya ci bak da daraja, ya yi karatu a Yamai, daga nan ya samu tallafi ya fita waje, yanzu dokta ne a fannin kimiyyar kwantum. Muka zauna kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ana dafa shayi, na ce masa ya nuna mini abin da yake yi. Sai ya ciro waya ya buɗe shafinsa na Google Scholar, inda ake jera takardun binciken da mutum ya wallafa, a gefen kowace kuma a rubuta sau nawa wasu masana suka kafa hujja da ita. Na riƙa jan shafin da yatsa, ƙirjina cike da farin ciki. Can na kai wurin da aka jera abokan aikinsa, waɗanda suka sa hannu tare a takardun. Ga Bajamushe, ga ɗan Sin, ga Ba'indiya, ga wani daga Afirka ta Kudu. Na sake dubawa tun daga sama har ƙasa, ban ga ɗan Nijar ko ɗaya ba. Ƙarƙashin sunansa ma jami'ar waje ce a rubuce.

Na ce masa, "Ɗana, ina mutanen gida?" Ya yi shiru, ya ajiye kofin shayi, ya ce, "Mushe, da wa zan rubuta? Na nema." Ashe sau biyu yana aika takarda zuwa wata babbar makaranta ta ƙasar nan, wadda ba zan kama sunanta ba, yana cewa a ba shi aji da allo na mako uku a lokacin hutunsa, zai koyar kyauta, kuɗin jirgi ma daga aljihunsa. Ko amsar an gani bai samu ba.

Ranka ya daɗe, na san abin da wasu za su ce: ƙasar da ke fama da matsalar tsaro, da fari, da yaran da ke karatu a rumfar zana, ina ita ina kimiyyar da ko sunanta bai zauna a bakinmu ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma a cikinta nake kwana nake tashi. Amma ina roƙon a saurare ni.

Kimiyyar kwantum ilimi ne na halayyar ƙananan abubuwa, ƙwayar zarra da abin da ke cikinta, da ƙwayoyin haske. Max Planck ne ya buɗe ƙofarta a 1900. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kamar hatsin da ake awo da tiya, kowane ƙunshi da nasa ƙarfi. A 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka shimfiɗa lissafinta. Wannan cika shekara ɗari ce ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, kuma Gana, ƙasar yankinmu, ita ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar.

Wanda ya bi hanyar Ƙonni ya ga tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018. Wanda ke Yamai ya san ta Gorou Banda mai megawat 30. Kowane faranti a wuraren nan aikin kwantum yake yi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta: ƙunshin haske ya faɗa kan silikon, ya tunkuɗe elektaron, ƴar ƙwayar da ke cikin zarra, daga mazauninsa, elektaron ɗin ya bi waya ya zama lantarki. Lissafin kwantum ne ya nuna tun 1961 cewa faranti irin na yau da kullum ba zai iya juya fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauka kansa ba. Shi ne kuma ke bayyana abin da duk mai sayar da sola a kasuwar Tawa ya sani da idonsa, cewa a zafin watan Afrilu faranti yana yin rauni, ga rana tsaka amma batir ba ya cika kamar lokacin sanyi. Wa ya fi mu buƙatar faranti mai jure zafi da ƙurar hunturu? Wa kuma ya fi mu filin gwada shi?

Ga yuraniyom ɗin Arlit, wanda ake haƙa tun 1971. Dalilin da ya sa dutsen nan yake fitar da tururin da na'ura ke ji, George Gamow ne ya warware shi a 1928: wata ƴar ƙwaya da ke tsare cikin cibiyar zarra tana ratsa katangar da bisa lissafin dā ba ta da ƙarfin hayewa. Ratsawar tana da wuyar aukuwa ƙwarai, shi ya sa yuraniyom 238 ke ɗaukar shekara miliyar 4 da rabi kafin rabinsa ya narke. Mun shekara hamsin muna loda wannan dutse a mota yana fita ƙasashen waje, alhali masu karanta sirrin da ke cikinsa a ƙasarmu ƴan ƙalilan ne. Cibiyar nazarin sinadarai masu tururi da ke Jami'ar Abdou Moumouni tana ƙoƙari, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wayar da ke aljihun kowa, da fitilar da ƴan mata ke karatu da ita da dare, da taswirar da direba ke bi zuwa Agadas, duk ƴaƴan wannan ilimi ne. Akwai kuma abin da ke tafe. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum, in ta ƙasaita, za ta iya ɓalle irin makullin sirrin da bankuna da gwamnatoci ke kulle bayanansu da shi. A 2024 Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin makulli don shirin wannan rana. Kuɗin da ɗan cin rani ke turo wa mahaifiyarsa ta waya daga Abijan ta cikin irin wannan makulli yake bi. Ƙasar da ke maganar ƴancin kai tana buƙatar ƴaƴanta da za su duba makullin da aka sayar mata su ce mai kyau ne ko na banza.

To amma ba wannan ce ainihin maganata ba. Maganata ita ce yadda masani yake yin tasiri, domin a nan nake ganin muna kuskuren fahimta.

A zaure, idan aka ce wane malami ne, ba a tambayar littafi nawa ya tara a kan shantali. Ana tambaya wurin wa ya yi karatu, su wa kuma suka yi karatu a wurinsa. Silsila ake bi. Wallahi haka abin yake a kimiyya, duk da alƙaluman da ake jerawa a intanet. Ku dubi Anton Zeilinger na Ostiriya, wanda ya samu kyautar Nobel ta 2022 tare da Alain Aspect da John Clauser, saboda gwaje-gwajen da suka tabbatar da wani abin mamaki: ƙwayoyin haske biyu da aka haifa tare suna zama a ɗaure kamar tagwaye, in ka auna ɗaya ka san halin ɗayar ko da nisan duniya ne tsakaninsu. A tsakiyar shekarun 1990 wani saurayi ɗan Sin, Pan Jianwei, ya je karatu wurin Zeilinger, yana cikin waɗanda suka yi shahararren gwajin 1997 a Innsbruck. Da ya gama ya koma gida, ƙasarsa ta ba shi ɗakin bincike a Hefei da mutane da kuɗi. A 2016 ayarinsa ya harba tauraron ɗan adam na farko mai aika makullin sirri da ƙwayoyin haske. A 2017 aka yi magana ta bidiyo tsakanin Bejin da Biyana da wannan makulli, malami a gefe ɗaya, aikin ɗalibi a ɗaya gefen. A 2025 kuma aka sanar cewa masu binciken Hefei da na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu sun yi irin wannan musaya a tazarar kilomita 12,900. Igiya ɗaya ce ta taso daga Ostiriya, ta bi ta Sin, ta sauka Afirka. Abin da ya hana ta tsinkewa shi ne lokacin da ɗalibin ya koma gida ya tarar da wanda zai kama masa bakinta.

Shi kuwa Alain Aspect, abin da nake yawan faɗa wa ɗalibaina game da shi, malamin makaranta ne a Yawunde ta Kamaru daga 1971 zuwa 1974. A can, a lokacin da ba ya aji, ya zauna ya karanci kimiyyar kwantum da kyau. Da ya koma Faransa ya je wurin John Bell, mai ka'idar 1964 kan tagwayen ƙwayoyin nan da yake son gwadawa, aka ce abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko yana da aiki na dindindin, domin a lokacin ana ganin wannan bincike ɓata lokaci ne, wanda ba shi da tsayayyen albashi zai iya rasa abincinsa a kai. Yana da shi. A 1982 ya yi gwajinsa a Orsay, shekara arba'in bayan nan aka kira shi Sitokholm karɓar kyautar Nobel. Ranka ya daɗe, wannan tambaya ta Bell ita ce tambayar da kowane matashin dokta ɗan Nijar yake yi wa kansa kafin ya sayi tikitin dawowa.

A 1924 wani malami a Jami'ar Dhaka, Satyendra Nath Bose, nesa da duk wata cibiyar kimiyya ta zamaninsa, ya rubuta ƴar gajeriyar takarda ya aika wa Einstein. Einstein ya karanta, ya fassara ta da kansa zuwa Jamusanci, ya sa aka buga. Yau rukuni guda na ƙananan ƙwayoyi, har da ƙwayoyin haske, da sunan Bose ake kiransu. Wasiƙa ce aka aika, aka kuma amsa. Duk lokacin da na tuna wannan sai takardun ɗalibina biyu su faɗo mini a rai.

Wanda ya fi kowa sanin ciwon da nake magana a kai shi ne Abdus Salam na Pakistan. Ya koma Lahore a 1951 da niyyar zama, ya tarar ba shi da abokin tattaunawa, ba mujallu, ba taro. A 1954 ya tattara ya koma Ingila, abin yana damunsa har ƙarshen rayuwarsa. Saboda kada wani ya sake shiga wannan tsaka mai wuya ya kafa cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya a 1964, da tsarin da masani daga ƙasa mai tasowa zai ci gaba da zama a jami'arsa ta gida, amma lokaci-lokaci ya je can na ƴan makonni ko watanni, ya gana da takwarorinsa, ya koma. Salam ya samu Nobel a 1979, cibiyar kuma tana nan tana aiki, har da karatun shekara guda da take ba ɗaliban ƙasashe irin tamu don shirin dokta. Mu Adarawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, cin rani ne. Mutum ya tafi bayan girbi, ya sauka wurin mai masaukinsa, ya samo abin da ya samo, kafin ruwan shuka yana gida. Garuruwa nawa ne a Adar aka gina da wannan tafiya da dawowa?

Kuma ba baƙon abu nake roƙo ba, domin mun taɓa yi. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatu a Faransa, ya zurfafa kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya yi aiki a Bamako, sannan ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969. A Yamai aka riƙa ƙera tukunyar dumama ruwa da murhu masu aiki da rana tun duniya ba ta waye da sola ba, masana daga waje suna zuwa su gani. Ya shugabanci jami'a daga 1979, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah ya jiƙansa. Mun rataya sunansa a ƙofa, ya rage mu ɗauki hanyarsa. Shi ya samu ofishi, da ma'aikata, da gwamnatin da ta yarda cewa ɗan ƙasa zai iya.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Babban ɓangaren wannan fanni da allo da alli da kwamfuta ake yinsa. Tun 1991 masana fizik ke ajiye sababbin takardunsu a rumbun arXiv inda kowa zai karanta kyauta. Tun 2016 kamfanin IBM ya buɗe ƙaramar kwamfutar kwantum ga duk mai intanet, ɗalibi a Tawa zai iya aika mata lissafi ta amsa masa. Jami'ar Wits ta Johannesburg ta shiga ƙawancen kamfanin a 2019. Abin da ake bukata ɗaki ne mai wutar da ba ta yankewa da intanet mai ƙarfi, da mutum huɗu ko biyar da aka rage wa nauyin koyarwa don su samu sararin tunani. Malamin da ke tsaye gaban ɗaruruwan ɗalibai tun safe, ya kwana gyaran takardun jarrabawa, ba zai yi bincike ba ko da ya fi kowa kai. A kafa irin wannan ƙaramin ayari a Jami'ar Abdou Moumouni, a haɗa shi da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, yadda ɗalibin da ke nan zai bi darasi ba sai ya nemi ɗakin haya a Yamai ba.

Sai maganar ƴaƴanmu da ke waje, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. A daina kallonsu a matsayin waɗanda suka gudu. A buɗe musu matsayin malami mai ziyara, da takarda a hukumance, yadda mutum zai zo wata ɗaya a shekara ya koyar, ya riƙe ɗalibin dokta tare da malamin gida, in ya wallafa takarda ya rubuta sunan jami'ar Nijar kusa da ta waje. A ranar da aka yi haka sunan ƙasarmu zai fara bayyana a shafukan da na gani, kuma Bajamushen nan da Ba'indiyar nan za su zama abokan aikin ɗalibanmu, domin abokin ɗanka naka ne. A sa mutum ɗaya a ma'aikata wanda aikinsa kenan: ya san su, ya amsa wasiƙunsu cikin mako biyu, ya kuma bi sanarwar ICTP da ta cibiyoyin ilimin lissafi na AIMS da ke Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, ya tura wa shugabannin sassa kafin lokaci ya ƙure. Guraben karatu da yawa suna wuce mu don kawai ba wanda ya ji labari.

Akwai kuma ƴar magana kan ma'auni. Hukumar CAMES, wadda a nan Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, tana duba takardun da malami ya wallafa kafin a ɗaga darajarsa, kuma hakan daidai ne. Amma idan ƙidaya kaɗai muka riƙe, za mu koya wa matasa su yanka bincike ɗaya gida uku, ko su biya kuɗi a mujallun bogi da ke cike da intanet. Ma'aikatarku tana da ikon ƙara nata ma'aunin wajen raba kuɗin bincike: ɗalibai nawa mutum ya yaye, ina suke yanzu, da wa ya haɗa su. A haɗin gwiwa da na waje kuma a tsaya a kan cewa namu ba masu ɗebo samfur da riƙe jaka ba ne, da su za a tsara tambayar, da su za a rubuta amsar. Shugabannin Afirka sun daɗe da alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike, tun shirin Legas na 1980. Ko ba a kai can ba, a fara da abin da hannu zai iya, amma ya zama yana zuwa kowace shekara ba yankewa, domin dokta shekara uku zuwa huɗu take ci, ba a shuka ta a girbe a damina ɗaya.

Kafin ɗalibin nawa ya koma, na roƙe shi ya shiga ajina na tarminal, waɗanda ke zuwa darasin hutu. Ya zo da ƴar fitilar leza irin ta jika ɗaya da ake sayarwa a kasuwa. Ya roƙi wata yarinya silin gashi ɗaya, ya manna shi a bakin fitilar, muka rufe tagogi da zannuwa, ya haska bango. Maimakon ɗigo ɗaya sai ga jerin ɗige-ɗige ja, haske da duhu, haske da duhu, sun miƙe a layi. Ya sa suka auna tazarar da rula, suka yi lissafi a allo, suka fitar da kaurin gashin da kansu. Sannan ya ce musu ko da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya ake sakowa, in aka jira, wannan zanen ne zai fito, kuma a nan kimiyyar kwantum ta fara. Ajin ya yi tsit. Yarinyar da ta ba da gashin, wadda mahaifinta manomin albasa ne a wajen Galmi, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in mutum yana son ya karanci wannan, ina zai je?" Ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi.

Bana za ta zauna bak, kuma ina sa ran za ta ci, in Allah ya yarda. Shi kuma ya ce mini zai dawo a watan Agusta, yana da mako uku, kuma har yanzu yana kan bakansa na koyarwa kyauta. Ya ce in an samu ɗalibai biyu masu himma, shugaban ɗakin bincikensu a shirye yake ya karɓe su na wata uku. Ina roƙon Mai girma Minista ya sa a sanar da ofishin da ya kamata ya rubuta wa, da wanda zai amsa masa, tun kafin damina ta faɗi.

Allah ya ƙara wa Minista lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Malamin fizik a wata lise, Tawa.